Sawun da Gado Bai Gane Ba

Da hantsi wutar ta tashi, cikin bazarar shekarar dubu biyu da ɗaya, bayan mazan unguwar Ridina, a babban birnin Chadi, sun watse kasuwa. Ɗaki ɗaya ta ci a gidan Zulkiflu tela, amma a cikin ɗakin akwai matarsa Zinariya, wadda ba ta daɗe da gama wankan jego ba. Maƙwabta sun ce ba su ga hayaƙi da farko ba. Ƙara suka ji kamar an buɗe bakin tanderu, sai ihu guda ɗaya. Kafin a ɓalle ƙofar, wadda take sakace ta ciki, an riga an makara. Jaririn ya tsira domin yana goye a bayan kakarsa a bakin murhu.

Duk wanda ya ɗauki bokiti a ranar ya shaƙi wari iri ɗaya a ƙarƙashin ƙauri, wani wari mai zaƙi-zaƙi mai hawa kai. Unguwa ta san shi. Warin fentin Nafiou ne, ɗan Damagaram ɗin nan mai shafa wa gadaje da kabad faranis, man sheƙin katako, a kasuwar Dembe. Shi ya shafe gadon Zinariya ana gobe suna, kuma kowa ya ji lokacin da Zulkiflu ya kore shi da zagi, wai warin aikinsa ya hana jariri numfashi. Ba a kai ga wanke gawa ba samari suka je suka jawo Nafiou daga rumfarsa. Da ƙyar Bulama Abdulmutallib, mai unguwa, ya ƙwace shi, ya kulle shi a ɗakin ajiyar hatsinsa, sannan ya aika Digel a kira Malam Gado.

Gado jikan alhazai ne, irin waɗanda suka taso daga ƙasar Katsina a ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a bakin kogin Shari, suka zauna. A kasuwar shanu ta Digel yake aiki. In saniya ta ɓace ko an kora raƙumi, shi ake nema, domin ƙasa tana yi masa magana. Mutum ne maras yawan surutu, mai yawan damuwa da iyalinsa, kuma 'ya ɗaya ta rage masa a gida, Safia.

"Malam Gado," in ji Bulama, "gobe da hantsi zan miƙa yaron nan ga jandarma, in samari sun bar shi ya kai goben. Ka san in ya shiga can, baƙo ne, ba mai tambayarsa. Ba na son alhakinsa, ba na kuma son jinin yarinyar nan ya tafi a banza. Duba mini ƙasa."

"Allah ya ba ka nasara, ta ina jama'a suka shiga?"

"Ta zaure."

"To a tsare mini lungun baya. Ko akuya kada ta bi."

*

Lungun siriri ne, ba a cika binsa ba. Tagar ɗakin da ya ƙone tana kallonsa, ƙarama, katakonta ya zama gawayi. Gado ya tsuguna a gefe, ya bar rana ta faɗo wa ƙasar ta gabansa.

Sawu ɗaya ne sabo. Ya zo daga bakin titi, ya tsaya a ƙarƙashin tagar, ya ɗan daɗe a tsaye har dunduniya ta nutse, sannan ya juya. Silifas ne na roba. Amma tafiyar ce ta ɗaure masa kai. Mai sawun ba ya ɗaga kan ƙafarsa. Kowane taku sai ya bar zane a gabansa, kamar yatsun ne ake ja, dama da hagu duka. Gado ya ga sawun gurgu, ya ga na mashayi, ya ga na tsoho mai ciwon gwiwa. Wannan bai yi kama da ko ɗaya ba.

A tafin hagu kuma akwai wani abu. Ƙasan silifas ɗin yana da zane kamar saƙar tabarma, amma wajen babban yatsa zanen ya shafe sumul, faɗin kwabo, kamar an lasa wurin. Ba cin tafiya ba ne, domin gefensa duk sabo yake.

Ya karyo tsinke ya auna tsawon sawun, ya soke shi a hularsa. Ya sa aka kawo ƙwarya ya kife a kan sawun da ya fi fita.

"Ai shi ne," in ji wani saurayi daga bakin lungu. "Haka Nafiou yake tafiya, kamar wanda ya sha ya ƙoshi. Ya tsaya a taga ya watsa mata abin nan ya ƙyasta."

Gado bai ɗago ba. "Kai ka gan shi?"

"Kowa ya sani."

"To je ka kira mini kowan, in tambaye shi."

*

Bayan an dawo daga maƙabarta Gado ya sami Zulkiflu a zaure, idanu jawur, hannu duk ƙuna. Mahaifiyarsa tana daga ciki, bayan labule, tana jijjiga jariri.

"Allah ya jiƙanta, ya ba ka haƙuri. Me take yi a ɗaki da ƙofa a sakace?"

Tsohuwar ce ta amsa. "Duhan take yi, Malam. Ni na ɗebar mata garwashi." Duhan shi ne turaren tsugunno na matan Chadi. Rami ne a ƙasa, a zuba garwashi da itacen ƙamshi, mace ta zauna a kai ta lulluɓa da bargo har wuya. "Tun ina yarinya nake yi, ban taɓa ganin ya ƙona ko zare ba."

"Ba turaren kwalba a kusa da ita? Wani yana kama wuta."

Zulkiflu ya ɗago a fusace. "Turare mai giya ne ke kamawa, kuma ba shi a gidana. Tun da aka yi mana wa'azi cewa sallar mai shafa shi tana da shakka, da hannuna na kwashe kwalabenta na fasa a shara. Na ce in za ta shafa, ta nemi mai tsarki. Baba Gado, kada ka wahalar da kanka. Na zagi mutum a gaban jama'a, ya ce mini Allah ya isa, ga abin da ya biyo baya."

"Wani ya shigo wurinta da safe?"

"Ba wanda ya bi ta gabana," in ji tsohuwar. "Na dai ji kamar tana magana ƙasa-ƙasa, har da dariya. Na ɗauka waƙa take yi."

Gado ya riƙe wannan a ransa. Mace ba ta dariya da wanda mijinta ya kora.

*

Nafiou yana zaune a kan buhun gero, ido ɗaya a kumbure. Da ya ga Gado ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ƙi, ya koma.

"Zauna. Miƙo takalminka."

Silifas ne, kuma ƙasansa duk tabo, wurare sun narke sun yi sumul. Gado ya zaro tsinken ya ɗora. Takalmin ya fi tsinken da kusan rabin yatsa, ya kuma fi faɗi nesa.

"Me ya ci maka shi haka?"

"Dilwan ne, Baba. Ruwan da muke sirka fenti da faranis. In ya ɗiga a ƙasa ka taka, roba narkewa take. Da shi muke wanke buroshi, da shi muke wanke hannu in an tashi. Masu takalma suna sa shi a gam, masu buga takarda suna goge tawada da shi. Ba abin da ba ya narkarwa."

"Har ƙafa?"

Nafiou ya dubi ƙafafunsa. "Tun da aka kawo wasu duromomi masu araha bara. Da can ciwon kai ne kawai da jiri, da fatar hannu ta tsage. Wannan kuwa, sai na fara jin kamar na sa safa alhali ban sa ba. Yanzu takalmi yana fita ban sani ba. Yara suna bi na suna cewa na sha. Wallahi ban taɓa kai giya baki ba. Wanda muke rumfa ɗaya da shi, a mota aka kwantar da shi zuwa gida, ba ya iya riƙe cokali."

"Yana kama wuta?"

"Ko ba ka kai shi kusa ba. Tururinsa ba sama yake yi ba, ƙasa yake bi, ya rarrafa ya je ya samo garwashi inda yake. Shi ya sa ba ma barin mai shayi ya zauna kusa da mu." Ya kama gefen rigar Gado. "Baba, na ce Allah ya isa, ban musa ba. Amma da hantsi ina Dembe. Waɗanda suka gan ni duk 'yan Nijar ne, an ce shaidarsu ba ta karɓuwa. Ina da uwa a Damagaram."

"Ban da ku masu fenti, wa ke sayen ruwan nan?"

"Mai sayar da durom ɗin ya taɓa yi mana dariya, ya ce wata Hajiya ta fi mu duka saye. Ban san ko wace ce ba."

*

Da la'asar Gado ya koma lungun, ya bi sawun ta inda ya fito. A bakin titi ƙafafu sun tattake shi, amma wannan jan yatsun ba ya ɓoyuwa. Yana ɓacewa, ya sake bayyana a gindin katanga, inda mai shi ya riƙa dafa bango. Kusa da wani kwalbati ya ga inda ya faɗi: gwiwa ɗaya, tafin hannu ɗaya, ƙaramin hannu. A gefe ƙasa ta dunƙule, alamar wani abu ya ɗan zube ya bushe. Ya ɗebo ya kai hanci. Sandal ne da miski, ƙamshin humra, turaren da mata ke haɗawa. A ƙarƙashinsa kuma ga warin nan mai zaƙi.

Sawun ya kai shi ƙofar gidan da ya sani. Gidan Hajiya Maiturare ne, inda 'yarsa Safia take aiki tare da wasu 'yan mata tun bayan sallar layya. Humrar Hajiya ta yi suna a bana. Ana ce mata humra halal, domin ba a sa mata turaren giya.

Hajiya ta fito zaure da kanta, mace mai jiki, hannu cike da awarwaro.

"Lale, Malam Gado. Afe, lafiya dai? Ka zo neman Safia? Ai na sallame su da wuri, saboda rasuwar nan."

"Na zo tambaya ne, Hajiya. Kin aika wa marigayiya da turare yau?"

"Ni? Rabona da ita tun suna."

Ta ƙofar ciki ya hango ɗakin da ake haɗin. An toshe tagoginsa da buhuna, a wannan zafin.

"Ba sa shan iska a ciki?"

"Iska ce ke sace ƙamshi. Kuma masu ido sun yi yawa, kowa so yake ya san sirrina." Ta gyara mayafi. "Malam, an kama mai laifi, me kuma ake tono? Kai dai ka gode wa Allah, 'yarka tana hannu nagari. Kamar ni na haife ta. Ba zan so abin da zai taɓa sunanta ba, kai ma na san ba za ka so ba."

Ta faɗi wannan tana kallonsa cikin ido. Gado ya yi sallama ya fita. A ƙofar gidan sawun 'yan mata ya cika ƙasa, kuma ba ɗaya ba ne yake jan yatsu. Ya ga uku. Ɗaya ne kawai mai shafaffen zane a hagu, kuma ya nufi hanyar gidan Gado.

*

Rana ta kusa faɗuwa ya shiga gida. Tsakar gida a share tas, kamar kullum. Safia ce ke sharewa safe da yamma, shi kuwa da asuba yake fita, kuma ba ya duban ƙasa a gidansa. Ƙasa ta ɓarayi ce da dabbobi.

Silifas ɗinta yana bakin ƙofar ɗaki, shuɗi, wanda shi ya sayo mata. Ya ɗauki na hagu ya juya. Bai ma zaro tsinken ba.

Matarsa Shatu ta fito daga madafa. "Malam, ka dawo? Yarinyar nan ta sake faɗuwa yau, ta ƙuje gwiwa. Na ce maka a nemo mata rubutu, ka ce sanyi ne. Jiya kofi ya suɓuce mata sau nawa. Tun da ta ji rasuwar nan kuma take kuka, ta ƙi cin abinci."

Ya shiga. Safia tana kwance ta juya wa ƙofa baya. Ya zauna a bakin tabarma, ya kama ƙafarta. Tun tana tatata ya san sawunta, ɗan karkacewar nan na dama irin na uwarsa. Yau ya bi shi rabin gari bai gane ba. Ya zaro tsinken daga hula ya soka mata a tafin ƙafa.

"Kin ji?"

"Me, Baba?"

Ya sake sokawa, da ƙarfi. Ba ta motsa ba. Sai da ya hau har ƙauri sannan ta janye.

"Safia, me kika kai wa Zinariya?"

Ta fashe da kuka. Da ƙyar maganar ta fito. Zinariya ce ta yi saƙon babbar kwalba, ta ce a kawo ta taga, tana so ta ba mijinta mamaki. Ta miƙa mata, suka yi dariya.

"Ta tambaye ni ko za ta iya yayyafawa a bargon duhan. Na ce mata e. Haka Hajiya ta ce mu riƙa gaya wa kowa, tun da ba giya a ciki ba ya kama wuta. Baba, ni na ce mata e."

"Da me kuke haɗawa?"

"Wani ruwa ne a jarka. Shi ke narkar da ƙaro da miski. Da hannu muke damawa. Watan jiya kasko ya taɓa kamawa, ya ƙone wa Hajiya gira, ta sa muka rantse ba za mu faɗa ba. Yau da labari ya zo ta ce in na buɗe baki, ni za a ɗaure, don ni na kai."

"Kwalba nawa kuka sayar?"

"Ba adadi. Ridina, Digel, har Kuseri ana zuwa saye."

Shatu tana tsaye a bakin ƙofa, ta ji komai. Ta shigo ta durƙusa a gabansa, abin da ba ta saba ba.

"Malam, don Allah. Ba wanda ya iya karanta ƙasa sai kai. Ka ce sawun ya ɓace. Mu cire ta daga aikin, mu yi mata magani shiru. In ka faɗa, har ta mutu sunanta wadda ta ƙone mai jego. Zulkiflu ba ya cikin hankalinsa. Ita kaɗai ta rage mana."

"Yaron can fa?"

"Allah zai fitar da shi."

"Ta hannun wa, Shatu? Ni aka aika." Ya dubi silifas ɗin da ke hannunsa. "Kuma gobe wata za ta zauna a kan garwashi da bargon nan."

Ya daɗe yana kallon tsintsiyar da ke jingine a bango. Lungun ba nisa. Ƙwarya ɗaya ce a kan sawun, shara ɗaya ta isa ta shafe shi. Aka kira magariba, ya tashi ya yi alwala.

*

Da hantsi ƙofar gidan Bulama ta cika. An fito da Nafiou an zaunar. Zulkiflu yana gefe, 'yan'uwansa sun riƙe shi. Hajiya Maiturare ta zo bisa kiran Bulama, ta tsaya cikin mata tana taɓe baki. Jandarma biyu suna jira a inuwa.

Gado ya sa aka zuba yashi a fili aka baje shi. Ya ce Nafiou ya taka. Nafiou ya bi ta kai yana jan ƙafa, jama'a suka ɗauki hayaniya.

"Ga shi nan! Irinsa ne!"

"Tafiyar iri ɗaya ce," in ji Gado. "Ƙafar ba ɗaya ba ce." Ya ɗora tsinken, kowa ya ga sawun ya zarce shi. "Wanda ya tsaya a taga mace ce, yarinya, kuma marigayiya ta san ta, har sun yi dariya. Ba wuta ta kai ba. Turare ta kai."

"Wace ce?" in ji Zulkiflu. "Faɗi sunanta."

Gado ya juya wajen mata.

"Safia. Zo ki taka."

Shatu ta riƙo ta har bakin yashin, sannan ta saki. Safia ta taka, yatsunta suna zana ƙasa. A tsakiya gwiwa ta lanƙwashe, ta faɗi. Ba wanda ya motsa. Gado ya je ya ɗaga ta, ya tsayar da ita a jikinsa, sannan ya sunkuya ya ɗora tsinken a sawun. Daidai. Ga shafaffen zanen a hagu.

"'Yata ce. Ita ta miƙa kwalbar."

Zulkiflu ya fizge zai taso, aka danne shi. Hajiya ta ɗaga murya. "To kun ji! Ni ban aike ta ba. Sata ta yi ta kai, wa ya san abin da ta zuba a ciki?"

"Hajiya, wannan fa?" Gado ya fito da ƙaramar kwalba daga aljihu. "Matar Bulama ce ta saya a hannunki, da hatiminki a baki. Allah ya ba ka nasara, haka ne?"

"Haka ne," in ji Bulama.

Gado ya karɓi farantin roba, ya ɗiga humrar a kai. Kafin a jima wurin ya yi laushi, ya shafa da yatsa, launin ya biyo shi. Nafiou ya miƙo wuya ya shaƙa.

"Dilwan ne. Wallahi namu ne, na durom mai araha."

Sannan Gado ya sa jama'a suka ja da baya. Ya jiƙa tsumma da sauran, ya ajiye a ƙasa, ya sa aka kawo garwashi a cokali aka ajiye nesa da shi kamar tsawon hannu. Ba abin da ya faru da farko. Har wani ya fara tsaki. Sai wata shuɗiyar wuta ta taso daga garwashin ta bi ƙasa da gudu, tsumman ya tashi gaba ɗaya. Mata suka yi salati. Wata ta dafe ƙirji ta ce kwalbarta tana kusa da murhu, ta ruga gida.

"An gaya wa matanmu ba ya kamawa, don ba giya a ciki," in ji Gado. "Mai giyar sun san shi, suna nesanta shi da wuta. Wannan suka yarda da shi. Hajiya ta ga ya kama a ɗakinta watan jiya. Ku dubi girarta. Ku kuma kira sauran 'yan matan su taka yashin nan."

Hannun Hajiya ya tafi goshinta kafin ta ankara. Girar hagu tozali ne kawai aka zana.

"Ni na san zai kashe mutum?" ta ce. "Mata suka daina sayen kayana, suka ce haramun ne. Na je Dembe na ce a ba ni abin da ke narkar da ƙaro wanda ba giya ba, aka ba ni. Ku kuka ce kuna son mai tsarki!"

"Da ya kama fa?" in ji Bulama. "Da aka kawo wannan bawan Allah ana duka jiya, kina ina?"

Jandarman suka taso daga inuwa.

Zulkiflu ya daina fizga. Ya zauna a ƙasa, yana kallon tsumman da ke ci. "Ni na fasa mata kwalaben," ya ce, ba da kowa yake ba. "Ni na ce ta nemi wannan." Da aka zo ɗaga shi ya dubi Safia. Bai zage ta ba, bai kuma ce ya yafe ba.

Bulama ya sa aka yi shela a masallatai da gidajen biki, duk mai humrar Hajiya ta fito da ita waje, nesa da wuta. Kafin azahar kwalabe sun taru a ƙofar gidansa cikin kwanduna. Na Kuseri da na ƙauyuka, ba wanda ya san inda suka shiga.

*

A babban asibiti likita ya buga gwiwar Safia da ƙaramar guduma, ƙafar ba ta amsa ba. Ya shinshina jarkar da aka kawo masa, ya ce irin sinadarin nan ne da ake kira seton, kuma wannan jinsin an daɗe da daina aiki da shi a wurare da yawa saboda abin da yake yi wa ma'aikata. Ta numfashi yake shiga, da ta fata, ya riƙa cin jijiya tun daga yatsu yana hawowa.

"Za ta warke, likita?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Malam. Ko an raba ta da shi, zai ɗan ƙara tsanani kafin ya tsaya. Bayan nan jijiya takan dawo a hankali, wata da watanni. Wani ta dawo masa duka, wani rabi. Ku kawo sauran 'yan matan, da mai fentin."

Nafiou bai tsaya ba. Da kumburin idonsa ya saɓe ya hau motar Nijar. Kafin ya tafi ya zo sallama, ya tsaya a ƙofar gida, ya kama hannun Gado da hannu biyu, hannun ba ƙarfi.

Unguwa ba ta manta ba. Wasu suna gaishe da Gado da girma fiye da da, wasu matan kuma in sun hango Safia a zaure sai su ja yaransu. Shatu ta yi kwanaki ba ta haɗa ido da shi ba. Da damina ta faɗi, Safia ba ta iya zuwa bayan gida sai an riƙe ta.

Gado ya karɓi tsintsiya daga hannun matan gidan. Kullum da yamma shi ke share tsakar gida, ya baje yashi daga ƙofar ɗakin Safia zuwa gindin randa, ya hana kowa bi ta nan. Ya daina fita da asuba. Yakan jira ta fito ta dafa bango ta je ta sha ruwa ta koma, sannan ya tsuguna, ya bar rana ta faɗo wa ƙasar ta gabansa.

"Baba, yaya yau?" takan tambaya daga ciki.

Har yanzu zane biyu ne a gaban kowane taku. Ya zaro tsinke ya auna na dama, ya gwada da tsinken jiya. Bai tabbata ba ko ya ragu, ko idonsa ne ke so ya ragu.

"Sake takawa, 'yata," ya ce. "Ban gani da kyau ba."